Duba-gari da Littafin Girkin Bushiya

Mahaifina duba-gari ne. Ya daɗe da yin ritaya, amma har yau in ka shigo gidan benen da muke haya ka ce kana neman Baba, sai an tambaye ka wane Baban. In kuwa ka ce Duba-gari, ko yaron da bai gama iya magana ba zai nuna maka ƙofarmu.

Duk ƙuruciyarsa ta ƙare a bayan kicin ɗin mutane: gidajen abinci, wuraren gashin biredi, makarantun kwana. Bai taɓa shiga ta ƙofar gaba ba in akwai ta baya, kuma ko ruwa ba ya karɓa a inda ya je dubawa. Marigayiya mahaifiyata takan ce ita dai ta auri mutumin da ke kallon farcen mutum kafin ya kalli fuskarsa. Gwangwanin madara ba ya shiga gidanmu sai Baba ya juya gindinsa ya karanta. In aka kawo mana abinci daga maƙwabta zai yi godiya har da sa albarka, ana rufe ƙofa sai ya ɗaga murfin ya kai hanci.

Yana da wata dabara da aka san shi da ita a wurin aiki. Akwai cokali a aljihun rigarsa, naɗe cikin hankici. In ya gama leƙe-leƙensa sai ya warware shi ya miƙa wa mai girkin ya ce, "Ci na gani." Ya ce bai taɓa damuwa da abin da mutum zai faɗa ba, hannun yake kallo. Wanda ya karɓa ya ɗiba ya kai baki ba tare da tunani ba, an gama da shi. Wanda ya tsaya yana cewa yanzu ya ƙoshi, to ranar sai an fito da duk abin da ke cikin firji.

Bayan rasuwar mahaifiyata ya dawo wurina. Maigidana yana aiki a nesa, sai hutu yake zuwa, ni kuma ina wuni a shagon magani. Don haka Baba ne ke zama da 'yata in ta dawo daga makaranta. Shi ya laƙaba mata Rediyo, domin tun daga bakin ƙofa take fara labari, ba ta kuma tsayawa sai barci ya kashe ta. Sun shaƙu sosai. Shi mai son tambaya, ita mai son ba da amsa.

Daga bakin Rediyo muka fara jin labarin matar da ta tare a hawan da ke samanmu. Mace ce mai matsakaicin shekaru, ita kaɗai, ba ta cika fita ba. Yara suka sa mata Anti Cokali, saboda a kicin ɗinta akwai ƙananan cokula masu launi-launi rataye a bango. Sana'arta rubuta littattafan girki na yara. Ta bi ƙofa-ƙofa ta nemi izinin iyaye, ta ce ranar Asabar da hantsi duk yaron da ke so ya hau su yi girki tare, domin tana son ta ga ko abin da ta rubuta yaro zai iya bi. Ni na yarda nan take. Baba yana zaune, na ga idonsa a kan hannayenta.

Asabar ɗin farko Rediyo ta sauko da littafi a hammata da gari a gira. Akwai wani labari da suke karantawa a aji, na wata bushiya mai ɗan gidan abinci a tashar jirgin ƙasa, wadda duk fasinjan da jirgi ya tafi ya bari sai ta zaunar da shi ta ciyar da shi. A cikin labarin sunayen abincin kawai ake ambata. Anti Cokali ce ta zauna ta fitar da yadda ake dafa kowanne: biredin wanda ya makara, ƙwan direba, miyar dankali ta ranar ruwan sama. Wannan shi ne littafinta na farko a kan bushiyar, yanzu kuma tana kan na biyu.

Baba ya sa tabarau ya ɗauki fensir ya zauna da littafin. Na san abin da yake nema. Ya bi shi shafi-shafi, bai samu ba. A wanke hannu har gwiwar hannu. A kira babba kafin a taɓa wuƙa. Kada a bar mariƙin tukunya ya leƙo waje. Kada a lashi cokalin da ya taɓa ɗanyen ƙwai. Ya rufe littafin ya ajiye fensirin bai ja layi ko ɗaya ba.

Na ce, "To Baba, ta ci jarrabawa ke nan?"

Ya ce, "Takarda ce ta ci. Ni ban ga kicin ba tukuna."

Tun daga nan kowace Asabar yana jiran saukowar Rediyo da shayinsa a gaba. Tambayoyin a hankali yake yin su, kamar hira. Su wa suka je? Wa ya kunna wuta? Daga ina take ɗebo ruwa? Rediyo kuwa ba ta rage komai. A cikin wannan zuba ne wata rana ta ce, "Anti ta ce mu ne alƙalai. Ita ba ta ci."

Baba ya ajiye kofin. "Ba ta ci kamar yaya?"

"Ba ta ci mana. Sai ta zuba mana, ta zauna tana kallon bakinmu. Ta ce gishiri ya ji? Ya yi zaƙi da yawa? In muka ce ya yi daɗi sai ta ce daɗi irin na me."

"Ko ɗanɗanawa ba ta yi? In tana juya miya fa?"

"Sai ta kira ɗayanmu ya ɗanɗana."

Da yamma ya same ni ina ninke kaya. Ya ce, "Kin ji abin da yarinyar nan ta ce?"

Na ce na ji, wataƙila likita ne ya hana ta wasu abubuwan.

"Likita ya hana ta biredi, ya hana ta ƙwai, ya hana ta dankali, ya hana ta ayaba? To me take ci, iska?"

Asabar ta gaba ya hau da kansa. Ya ce mata ruwa na ɗiga a rufin banɗakinmu, yana son ya duba famfonta. Babu abin da ke ɗiga. Rediyo ce ta ba ni labarin yadda aka yi. Ya tarar da yara kewaye da tebur, kowa da ɗan gyalen aiki a ƙirji, suna murje dafaffen dankali. Ya duba ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ya shafa bayan murhu da yatsa, ya leƙa kwandon shara. Tsaf. Sai dai yana tsaye ya ji ƙauri, biredin da ke kan wuta ya fara kamawa, Anti tana dab da shi tana magana abinta, sai da wani yaro ya ce mata hayaƙi na fita. Da aka sauke miyar, Baba ya ɗauki ɗaya daga cikin ƙananan cokulan ya miƙa mata.

"Malama, ɗan taɓa mana mu ji ko ta yi."

Ta kalli cokalin, ta kalle shi. Ta ce, "Na ƙoshi, Baba. Yara ne masu ci."

Ya mayar da cokalin inda ya ɗauka, ya yi mata sallama, ya sauko. Ranar bai ci abincin rana ba.

Baba ba mai ƙage ba ne, wannan zan iya rantsewa. Bai taɓa cewa matar nan ta yi wani abu ba. Tambaya kawai yake yi, amma tambayar Duba-gari ba kamar ta kowa ba ce. Ya tare mai gyaran agogo a matakala ya ce, "Ɗanka ya taɓa ganin ta kai loma bakinta?" Ya tambayi matar direban bas ko ta san kamfanin da matar ke yi wa aiki. Ya tambayi telan hawa na ƙasa me ya sa mace mai hankali za ta riƙa ciyar da 'ya'yan mutane duk mako ba a roƙe ta ba. Kowa ya tafi da tambayar gida, ta kwana, ta wayi gari da ƙafafu. Kafin wata ya ƙare na ji a shago cewa wani kamfani ne ke ba ta hodar da take gwadawa a kan yara. Wata ta ce hotunansu take ɗauka tana aikawa waje. Sai kuma ɗan matar direban ya yi ciwon ciki ranar Talata. Kowa ya san yaron nan ba abin da ba ya saya a bakin makaranta, amma uwarsa ta lissafa baya ta tsaya a kan Asabar.

Yara suka daina hawa. Baba ya hana Rediyo, ni kuma da zancen ya yi yawa ban musa masa ba. Ranar Asabar mukan ji takun Anti a samanmu, ta ja kujeru ta jera, can kuma ta mayar da su. Rediyo ta yi fushi da kakanta. Ta dawo daga makaranta ta wuce shi a falo da gaisuwa kawai. Ya ce mata, "Yau gidan rediyon ba labarai?" Ta ce an ɗauke wuta.

Haka aka yi makonni. In Anti ta haɗu da mu a matakala takan gaishe ni, ta raɓa ta gefen Baba kanta a ƙasa. Shi kuma ya ɗauki wannan a matsayin ƙarin shaida.

Wata ranar Laraba bayan azahar Baba ya fito zai zubar da shara, sai ya ji warin gas a matakala. Ya koma ya duba namu, lafiya lau. Ya bi warin yana hawa har ya tsaya a ƙofar Anti. Ya ƙwanƙwasa. Ta buɗe kaɗan, sarƙar ƙofar na maƙale.

Ta ce, "Yau kuma wane famfon ne ke ɗiga?"

"Malama, gas ɗinki na fita. Buɗe."

"Ban kunna komai ba. Baba, ka kore min yara, ka ɓata min suna a gidan nan. Me ya rage da kake son gani?"

"Ki zage ni daga baya. Kada ki taɓa makunnin fitila, kada ki ƙyasta komai. Zare sarƙar nan."

Ya ce ta daɗe tana kallonsa tana auna ko wata dabarar ce. Da ta buɗe, warin ya doke shi har idonsa ya yi ruwa. Ya wuce kicin ya rufe kan tukunyar gas ɗin, ya bubbuɗe tagogi, ya fito da ita kan matakala. Robar da ta haɗa tukunyar da murhu ce ta tsage. A kan tebur takardunta ne baje, da alama tun safe take zaune a wurin tana rubutu, tana ta mamakin ciwon kan da ya dame ta.

Suka zauna a kan matakala, shi a sama ita a ƙasa, suna jiran iska ta wanke ɗakin. Baba ya ce, "Ba ki ji komai ba."



Ya ƙara da cewa, "Ranar biredin ma ba ki ji ba."

Sai ta gaya masa. Wani zazzaɓi ne ya kwantar da ita shekarun baya, da ta tashi sai hancinta da harshenta ba su tashi tare da ita ba. Likitoci sun ce wataƙila su dawo, ba su dawo ba. Zuma da man girki duk ɗaya suke a bakinta. Cin abinci ya zame mata aiki, ba ta kuma son yi a gaban mutane, domin in aka tambaye ta ya ta ji, ƙarya za ta yi. Littafin farko ta rubuta shi da lafiyarta. Na biyun nan da bakin yara take rubuta shi, su ne ba sa jin kunyar cewa abu bai yi daɗi ba. Kamfanin da ke buga mata littafi bai sani ba.

Ta ce, "Wa zai buga littafin girkin matar da ba ta jin ɗanɗano? Yanzu ka sani. Na san kuma bakinka ba ya riƙe abu."

Ya ce, "Ni ban taɓa faɗin abin da ban gani ba."

"Ai wannan ka gani. Shi ne abin da nake tsoro."

Ta sa ya yi mata alkawari ba zai gaya wa kowa ba. Ni kaɗai ya faɗa wa, da izininta, domin ya ce ba zai iya mayar da Rediyo ba tare da uwarta ta san dalili ba.

Nan Baba ya shiga abin da bai taɓa shiga ba. Yana son ya wanke matar, kuma abin da zai wanke ta shi ne aka hana shi faɗa. Ya bi ƙofofin da ya bi a da yana cewa ya bincika, babu komai, a bar yara su koma. Mai gyaran agogo ya ce, "To me ya sa ba ta ci?" Baba ya ce tana da dalilinta. "Wane dalili?" Ya ce ba zai iya faɗa ba. Mai agogon ya dube shi ta saman tabarau, irin kallon da Baba ya yi wa mutane shekara da shekaru. Ba a jima ba zancen ya juya kansa. Matar direba ta ce an gan su zaune a matakala su biyu suna ƙus-ƙus. Tela ya ce dattijo dai ya gaji da zaman gwauro. Wasu suka ce ta ba shi wani abu ya ci.

Abin ya ci masa rai, amma bai janye ba. Ranar Asabar ya sa rigarsa mai kyau, ya kama hannun Rediyo suka hau, ya bar ƙofar Anti a buɗe don duk mai wucewa ya gani. Mutumin da ko a gidan biki ba ya cin abinci ya zauna a kan 'yar kujerar yara, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa, yana cin abin da jikarsa ta dama da hannunta. Kuma ba ya sassautawa. Ya ce wa Anti miyar da littafin ya kira ta mai sayar da tikiti gishirinta ya wuce kima, kek ɗin ayaban kuma cikinsa bai nuna ba. Ita ma ba ta yarda da shi kai tsaye. Sai ta juya ta tambayi Rediyo, "Gaskiya ne, ko kakanki na neman laifi ne?" Ya canza mata robar gas, ya kuma ɗauki al'adar tsayawa a ƙofarta kowace safiya ya ja numfashi kafin ya wuce.

'Yan biyun tela ne suka fara komawa, sai ɗan mai agogo. Matar direba ba ta sake barin nata ya hau ba. Ba a koma cika teburin kamar da ba, amma an ƙarasa littafin.

Ana gab da kai shi wurin bugawa sai editan kamfanin ta kira Anti. Ta ce sun sami labarin lalurarta, sun yi mata jaje, kuma ba za su fasa buga littafin ba. Sai dai daga yanzu duk abin da ta rubuta sai wani mai girki na kamfanin ya dafa ya ɗanɗana, kuma za a sa sunansa a ƙarƙashin nata. Ba ta faɗi inda suka ji ba.

Anti ta sauko ta ƙwanƙwasa mana ƙofa, karon farko tun zuwanta neman izini. Ta ƙi zama.

"Baba, kai ne?"

"Ba ni ba ne."

"Mutum biyu ne suka sani a duniya bayan likita, kuma duk a ɗakin nan suke."

Na ce mata wataƙila editan ce ta lura da kanta, ko wani a asibiti ya yi suɓul da baka, ko yaran ne suka gane suka faɗa a gida. Ta saurare ni har na gama, amma Baba take kallo. Ya ce, "Malama, ba ni da abin da zan nuna miki. Na ce ba ni ba ne." Ta gyaɗa kai ta fita.

Littafin ya fito, ya kuma karɓu, har makarantar su Rediyo ta saya wa ɗakin karatu. Anti ta ci gaba da gaishe mu, ta ci gaba da barin Baba ya hau ranar Asabar, amma ta daina tambayarsa ra'ayi. Da hayarta ta ƙare ba ta sabunta ba, ta koma kusa da ƙanwarta. Duk littafin da ta fitar takan aiko wa Rediyo, da gaisuwa gare ni. Baba yakan karɓa ya duba shafin farko, ya miƙa mata.

Yanzu ƙafa ta hana shi hawan bene. Rediyo ce ke yi mana girkin ƙarshen mako, shi yana zaune a bakin ƙofar kicin yana ba da umarnin da ba ta bi. Kwanan baya tana ciki tana soya albasa, ni ina gefensa ina gyara masa maɓallin riga, sai ya ce, ba tare da wani abu ya kawo zancen ba, "Zan tambaye ki, ki gaya min gaskiya. Matar nan ta kamfani, ta taɓa zuwa shagonku sayen magani?"

Na ce, "Baba, ko fuskarta ban sani ba."

"Ba ke ba ce dai?"

"Ba ni ba ce."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya juya ya ce wa Rediyo ta rage wutar.